Shin ƙasa mai tasowa za ta iya tsare iyakarta ba tare da ta tauye haƙƙin baƙi ba?

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina cikin rubuta kundin kammala digiri a kan dokokin shige da fice, kuma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, wadda littattafan da na karanta ba su warware mini ita ba, domin yawancinsu suna magana ne a kan abin da ya wajaba ƙasashe masu arziki su yi wa baƙin da suka isa ƙofarsu. Ni kuwa hankalina yana kan ƙasar da ba ta gama ɗaukar nauyin 'ya'yanta ba, wadda asibitocinta da makarantunta suka cika maƙil, matasanta suna neman aiki ba su samu ba, iyakarta kuma ta miƙe dubban kilomita cikin daji ko hamada, masu tsaronta 'yan ƙalilan ne. Irin wannan ƙasa 'ya'yanta suna fita ci-rani, wasu mutanen suna ratsa ta zuwa gaba, wasu kuma suna shigowa su zauna, duk a lokaci guda.

Abin da ya hana ni barin maganar a kan takarda kawai shi ne wani bawan Allah da na gani ranar da muka kai ziyarar agajin shari'a wani wurin da ake tsare baƙi. Magini ne, ya haura shekara 50, an kama shi ne domin takardar izinin zamansa ta ƙare, kuma ya shafe wata 5 a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarsu ba. Yana riƙe da wani ɗan littafi da ya yi laushi saboda yawan naɗewa, inda ya rubuta kwanakin da ya yi yana aiki a wani gini ba a biya shi ba, kuma duk wanda ya shigo sai ya buɗe ya nuna masa. Bai roƙe mu a sake shi ba. Abin da yake ta tambaya shi ne ko za a karɓo masa guminsa kafin a mayar da shi gida.

To, shin ƙasa mai tasowa za ta iya haɗa abubuwan nan biyu, ta san wanda ya shigo da wanda ya fita, ta kuma kare haƙƙin baƙo, ko kuwa kare haƙƙin baƙi sai an yi arziki tukuna? Ina roƙon waɗanda suka san dokar da waɗanda suka yi aikin da hannunsu su haska mini.

Malamin Dokar Ƙasa da Ƙasa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a a kan kundin. Tambayarki ta faɗa kan gaɓa, domin nauyin nan dama ba a kan ƙasashe masu arziki ya fi sauka ba. Alƙaluman hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 3 cikin 4 na 'yan gudun hijirar duniya suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, kuma yawancinsu a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu. Wanda yaƙi ya kora da ƙafa yake tafiya, saboda haka inda ƙafarsa ta iya kai shi nan yake tsayawa.

Sai dai kafin komai, ki raba mutanen da ake haɗawa a ƙarƙashin kalmar baƙin haure, domin dokar da ke kan kowannensu daban ce. Ɗan gudun hijira yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda sashe na 33 nata ya haramta mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, sannan yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda mamaya ko tashin hankalin da ya dagula ƙasa ya kora. Wanda aka yi safararsa ta hanyar yaudara ko tilas wanda aka zalunta ne, ba mai laifi ba, kuma yarjejeniyoyin Palermo na shekarar 2000 kan safarar mutane da fasa-ƙwaurinsu sun bambanta shi da wanda ya biya mai fasa-ƙwauri da kansa domin a tsallakar da shi. Shi kuwa maginin da kika gani ɗan ci-rani ne da takardarsa ta ƙare, kuma a ganina abin da ya yi saɓa ƙa'idar ofis ne, bai kai laifin da za a kulle mutum wata 5 a kansa ba.

A kan ɗan ci-rani, abin da ya kamata ki riƙe shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu, wadda ta fara aiki a 2003. Idan kika karanta ta a tsanake za ki ga cewa da yawa daga abin da take nema hani ne, ba kashe kuɗi ba. Sashe na 21 ya hana kowa ƙwace wa baƙo fasfo ko takardar shaidarsa in ba jami'in da doka ta ba wa izini ba. Sashe na 22 ya hana korar baƙi a dunƙule, ya ce a duba lamarin kowa shi kaɗai. Sashe na 29 ya ba ɗan da baƙo ya haifa haƙƙin suna da rajistar haihuwa da ɗan ƙasanci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da talauci zai zama uzurin ƙin yin sa. Wani abin lura kuma shi ne, ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kusan duk masu tasowa ne, irin su Maroko da Meziko da Filifin da Najeriya da Senegal, amma babu ko ɗaya daga ƙasashen Tarayyar Turai, ko Amurka, ko ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha da ta amince da ita. Wannan abin takaici ne, sai dai ba zai zama hujja ga ƙasa mai tasowa ta yi watsi da alƙawarin da ta ɗauka da kanta ba.

Akwai kuma dalilin da ya wuce na doka. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su fice, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa 'yan Najeriya ne, wasunsu ma a can aka haife su. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan korar, 'yan Gana kimanin miliyan 1 suka kwashi kayansu suka nufi iyaka, alhali ko shekara 4 ba a cika ba da ƙasashen ECOWAS suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar 1979 da ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna na kwana 90 ba tare da biza ba. Duka korar biyu an yi su ne a lokacin matsin tattalin arziki, kuma babu wadda ta warkar da tattalin arzikin. Ƙasar da yau take karɓar baƙi, gobe 'ya'yanta ne baƙin, kuma da wace fuska za ta nemi a mutunta nata a waje idan tana wulaƙanta na wasu a gida?

Tsohon Jami'in Shige da Fice ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, na amince da yawancin abin da ka faɗa, amma ka yi mini izini in ƙara abin da ake gani daga bakin iyaka, domin na yi shekaru masu yawa a wannan aiki. Gaskiya ne hana ƙwace fasfo ba ya cin kuɗi, amma sashe na 28 da na 30 na wannan yarjejeniyar, masu magana a kan jinyar gaggawa da karatun yaran baƙi ko da iyayensu ba su da takarda, suna cin kuɗi sosai, kuma garin da ke bakin iyaka ne ke biya, ba babban birni ba. Na ga ajin da aka gina domin yara 40 ya koma ɗaukar ninki biyu cikin zango guda, na ga mata suna kwana a layin rijiyar burtsatse. Idan aka kawo wa baƙo agaji aka tsallake ɗan gari wanda talaucinsu ɗaya, to an shuka gaba, kuma ranar da ta tsiro baƙon ne zai fara shan wahalarta.

'Yata, amsar tambayarki a wurina ita ce, tsare iyaka da kare haƙƙin baƙo abu guda suke buƙata, wato takarda mai araha da ake samu a kusa. Zan kwatanta miki yadda abin yake. A ofishin da na yi aiki muna da babban littafin rajista guda, kuma mutum zai zo da niyyar ya bi ƙa'ida, sai a ce masa izinin zama ba a nan ake yi ba, sai ya yi tafiyar yini guda zuwa hedikwata, ya kawo hotuna, ya kawo wasiƙar mai gidan aikinsa, ya biya abin da ya fi albashinsa na wata, sannan ya jira watanni. Sai ya duba ya ga cewa ɗan abin da zai miƙa a shingen bincike ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Daga ranar ya ɓace wa hukuma, ba mu san inda yake kwana ba, ba ya biyan haraji, idan aka cuce shi ba zai kai ƙara ba, idan ya ga ɓarawo ko ɗan bindiga ba zai ba da rahoto ba, domin yana tsoron a tambaye shi takarda. Mu da kanmu muka mayar da mai son bin doka baƙon haure, sannan muka dawo muna kashe kuɗin ciyar da shi a tsare.

Wasu ƙasashe sun gane wannan. A watan Fabrairun 2021 shugaban Kwalambiya na lokacin, Ivan Duque, ya sanar da ba 'yan Benezuwela da ke ƙasar izinin zama na shekara 10, a lokacin da yawansu ya kai kimanin miliyan 1.7, kuma fiye da rabinsu ba su da takardu. Sharaɗin shi ne kowa ya zo a ɗauki bayanansa, a madadin haka ya samu damar aiki da asibiti da buɗe asusun banki. Maroko ma ta halatta zaman baƙi fiye da 20,000 a 2014, ta sake buɗe zagaye na biyu a ƙarshen 2016. Ba na cewa komai ya tafi daidai a ƙasashen nan, amma hukuma ta san sunayen mutanen da a da ba ta san da su ba, kuma wannan shi ne ainihin tsaro.

Akasin haka kuwa Nijar ta gwada shi. A watan Mayun 2015 ta kafa dokar hana fasa-ƙwaurin baƙi, wadda aka tsananta aiwatar da ita daga 2016 tare da goyon bayan Tarayyar Turai. An kama direbobi a Agadas an ƙwace motocinsu, yawan masu wucewa ta sananniyar hanyar Libiya ya ragu, amma tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da garuruwa, suka bi hanyoyin da babu ruwa, kuɗin tafiya ya tashi, kuma wasu suna zubar da fasinja a tsakiyar hamada idan suka hango sojoji. Yawancin fasinjojin 'yan ECOWAS ne da ke da haƙƙin kasancewa a ƙasar a wancan lokacin. An soke dokar a watan Nuwamban 2023. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ƙasa mai tasowa ta tsara manufarta bisa buƙatarta, kada ta zama mai gadin ƙofar wani domin an ba ta tallafi.

Sai kuma gargaɗi guda a kan rajistar kanta. Yuganda ana yaba mata, kuma ta cancanci yabon, domin dokarta ta 2006 ta ba 'yan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, ana kuma ba su ɗan filin noma. Amma a 2018, da aka sake ƙidayar su da na'urar ɗaukar zanen yatsu, sai aka tarar adadin da ke rubuce ya zarce na gaskiya da kimanin mutum 300,000. Rajistar da ba a sa mata ido ita ma kafar cin amana ce.

Mai Aikin Agaji ta rubuta:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Malam da Alhaji tsohon jami'in shige da fice sun yi bayani a kan masu shigowa, ni kuma zan yi magana a kan masu fita, domin su nake tarba idan sun dawo, kuma a ganina kundinki zai rage ƙafa ɗaya idan babu su.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa da ita. Ta dawo daga aikatau a ƙasar waje bayan wata 14, da jaka guda ƙarama, hannayenta duk sun tsattsage saboda sinadarin wanke-wanke. Tun a filin jirgi aka karɓe mata fasfo, ba ta sake ganinsa ba, kuma takardar kwantiragin da ta dangwala wa yatsa da harshen da ba ta iya karantawa aka rubuta ta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, da muka zauna, ba dukan da aka yi mata ta fara ba ni labari ba, bashin da mahaifinta ya ci ya biya dillalin da ya kai ta shi ne ya hana ta barci. Ta ce da ta san ba za ta iya biya ba, da ta daure ta zauna. Wannan bashin shi ne igiyar da ake ɗaure ma'aikaci da ita, kuma a gida ake ƙulla ta, ba a waje ba. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da aiki ba zai caji ma'aikaci ba, mai ɗaukar aiki ne zai biya. Ƙasa mai tasowa ba ta da iko a kan abin da ke faruwa a cikin gidan wani a wata ƙasa, musamman inda tsarin kafala ya ɗaure izinin zaman ma'aikaci a hannun mai gidansa, amma tana da cikakken iko a kan dillalin da ya buɗe ofis a cikin ƙasarta.

Filifin ta koyi wannan da tsada. A watan Maris na 1995 aka rataye wata 'yar aikatau 'yar ƙasar, Flor Contemplacion, a Singafo, jama'a suka fusata ƙwarai da ganin cewa gwamnatinsu ba ta tsaya mata yadda ya kamata ba, kuma a watan Yunin shekarar aka kafa dokar kare ma'aikatan da ke waje. Abin da na fi so a dokar shi ne ta ɗora wa dillalin gida alhaki tare da mai ɗaukar aiki na waje, ta yadda ma'aikaciyar da aka hana albashi za ta dawo gida ta yi ƙarar kamfanin da ya tura ta, ba sai ta bi wani mutum a ƙasar da ba za ta iya komawa ba. Da zarar dillali ya san aljihunsa ne zai biya, zai fara tantance gidan da yake tura 'yar mutane. A ƙarshen 2021 ma sai da Filifin ta kafa ma'aikata sukutum domin 'yan ci-rani.

Abin da nake roƙon gwamnatoci su guje masa shi ne haramta fita baki ɗaya idan wani abin kunya ya faru. Habasha ta hana 'yan ƙasarta zuwa aikatau Gabas ta Tsakiya a 2013, ta janye hanin a 2018, kuma a tsakanin shekarun mutane ba su daina tafiya ba, sai dai suka koma bi ta Jibuti su haye teku zuwa Yaman, cikin yaƙi, a hannun masu fasa-ƙwauri. Talaucin da ya fitar da yarinya daga gida ba ya jin sanarwar hani.

Ina kuma goyon bayan Alhaji a kan ɗan gari. Duk rijiya ko ajin da za a gina saboda baƙi, a gina shi ta yadda kowa zai amfana.

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa tsadar takarda da nisanta suna cikin abin da ke haifar da baƙin haure, kuma zan ware wa wannan babi guda. Amma Malam, ina so in koma kan maginin nan, domin har yanzu yana tsare. Tunda takardarsa ta riga ta ƙare a lokacin da ya yi aikin, shin yana da hurumin neman kuɗinsa a gaban doka, ko kuwa mai ginin zai fake da cewa aikin dama ba bisa ƙa'ida aka yi shi ba?

Malamin Dokar Ƙasa da Ƙasa ya rubuta:

Malama, idan ƙasar ta amince da yarjejeniyar 1990, mai ginin ba shi da wannan mafakar. Sashe na 25 ya faɗa ƙarara cewa rashin takardar ma'aikaci ba ya sauke wa mai ɗaukar aiki wani nauyi na doka ko na kwantiragi, sannan sashe na 22 ya ce wanda za a kora dole a ba shi dama mai ma'ana, kafin tafiyarsa ko bayanta, ya nemi albashinsa da sauran haƙƙoƙinsa. Hikimar a fili take, domin idan aka bar mai gini ya ci gumin baƙo saboda ba shi da takarda, to an koya wa kowane mai gini ya fifita marar takarda a kan ɗan ƙasa, ya kira masa hukuma ranar biya. Shi ya sa nake ganin kotun ƙwadago da asibiti da makaranta bai kamata su zama masu kai rahoto ga hukumar shige da fice ba. Sai dai ki duba ko an shigar da yarjejeniyar cikin dokokin ƙasar, domin a ƙasashe da dama alƙali ba ya aiki da yarjejeniyar waje kai tsaye sai majalisa ta mayar da ita doka. Idan ba a yi ba, ki dogara da dokar ƙwadago ta ƙasar da kundin tsarin mulkinta, waɗanda galibi suke cewa kowane mutum, ba kowane ɗan ƙasa kaɗai ba, a kan 'yancin walwala da sauraron ƙara bisa adalci.

Ga abin da zan ba ku shawara ku yi da gaggawa, ke da lauyan da ke jagorantarku. Ku ɗauki hoton kowane shafi na littafin nan nasa tun kafin ya ɓace, ku nemi abokan aikinsa biyu ko uku da za su ba da shaida. Ku tambaye shi ko yana son a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsu, idan ya amince ku rubuta wa hukumar da ke tsare da shi kuna kafa hujja da sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ofisoshin jakadanci, wanda ya wajabta sanarwar ba tare da ɓata lokaci ba idan wanda aka kama ya nema. Ku shigar da buƙata a kotu a duba halaccin tsarewar, domin wata 5 ba tare da ganin alƙali ba abu ne mai wuyar karewa. Sannan ku sa ya rattaba hannu a kan takardar wakilci tun yana nan, ya kuma ba ku lambar wani nasa da hanyar da za a tura masa kuɗi, ta yadda ko an mayar da shi gida kafin a yanke hukunci, ƙarar albashin za ta ci gaba a madadinsa.